Kason da Inna Ba Ta Faɗi Mai Shi Ba

Duk wanda na kira ranar Alhamis ɗin nan sai da ya sa na maimaita. "Wace Innar?" Haka kowa ke tambaya, kamar muna da wata Inna bayan ita a Pantai Dalam, unguwarmu a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya. In ce Innarmu, mahaifiyar maigidana. Sai in ji salati ya fito a karye: inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni kaina da nake faɗa ban yarda da bakina ba. Duk sanda na ajiye wayar sai na leƙa ɗakinta, ko zan ga ta fito tana neman tabarau.

Hajiya, matar Alhajin da ke da shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ita ta fara shigowa bayan mun dawo daga asibiti. Daga hawan da ke samanmu ta sauko, takalmi ƙafa ɗaya, hannunta duk ƙullin fanke. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ƙarya kuke yi," in ji ta. "Da safen nan muka haɗu a bakin matakala ta yi mini faɗa a kan katan ɗin lemo. Mai mutuwa ce za ta tsaya faɗan lemo?"

Sai idonta ya kai kan maigidana, yana zaune dirshan a ƙasa, riƙe da carbin mahaifiyarsa, ba ya ja, ba ya kuka, bango kawai yake kallo. Nan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Maman 'yan biyu kuwa a asibiti ta same mu. Maƙwabciyarmu ce 'yar Filato, Kirista, nas ce da ta zo ƙaro karatu. Likita ya riga ya faɗa, an riga an ja mayafi, amma sai da ta yaye ta kama wuyan hannun Inna ta daɗe a sunkuye. Daga baya ta ce da ni, "Na san babu, Maman Abba. Hannuna ne ya ƙi yarda."

Daga Kano ƙanwar maigidana ihu take a waya: "Ku kawo mana ita! Cewa ta yi za ta zo da azumi, har ɗakinta na sa an yi wa fenti!" Sai da baffansu ya karɓi wayar ya ce a rufe ta inda ta cika, kada a wahalar da gawa. Matan Malay na surau, wato ƙaramin masallacin da ke ƙasan gininmu, su suka taya ni yi mata wanka. Nenek suke kiranta, kaka ke nan a harshensu. Wata tsohuwa a cikinsu tana zuba ruwa tana hawaye tana magana, ban tsinci komai ba sai sunan nan da take ta nanatawa. Bayan sallar Juma'a aka kai ta. Maigidana ya dawo da jar laka a gwiwar wandonsa, ya hana a wanke.

Ba ta yi jinya ba, shi ya sa har yau abin ya ƙi zama mana. Ta yi walaha, ta shimfiɗa tabarma a falo tana tsinke zogale, tana yi mini mitar na cika gishiri a miyar jiya. Sai ta ce, "'Yar nan, kaina." Ta nemi ruwa. Kafin in fito daga kicin ta jingina da bango, reshen zogalen na hannunta. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai. Matar da ba ta taɓa tsallake maganin hawan jininta ba, matar da ke ƙin lif ta hau matakala. Wa'adi ne ya cika, na sani, na kuma yi imani. Amma sani daban, zuciya daban.

Ba zan kama sunanta a nan ba. Surukata ce, ban kama tana raye ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Ina rubuta wannan ne don jikokinta da ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, su san wace ce kakarsu, da kuma don abin da ya same mu washegarin jana'izarta.

Da la'asar ɗin Juma'ar, gida cike da masu gaisuwa, Maman 'yan biyu ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Gobe Asabar," in ji ta.

"Na sani."

"Kason nan fa? Wa Inna take kai wa?"

Na ce ai na ɗauka ke kin sani. Ta ce ita kuma ta ɗauka ni ce na sani, tunda gida ɗaya muke kwana.  Sai ta rage murya ta ce kwanakin baya Inna ta tambaye ta wane maganin ƙarin jini ake ba mai ciki, kuma in mai ciki na jiri tana haki daga 'yar tafiya, ya kai a tsorata? Ni kuma na tuna cewa a 'yan makonnin nan hanta da alayyahu da dabino Inna ke cusawa a kason.

"Wata na da ciki a ginin nan," in ji Maman 'yan biyu. "Ba ta da jini, kuma ba ta zuwa awo. Da tana zuwa, Inna ba za ta zo tana tambayata magani ba. Irin wannan in haihuwa ta zo mata a ɗaki, jini kaɗan za ta zubar ta tafi. Wadda kaɗai ta san ƙofarta kuwa ɗazu aka rufe ta."

 Mutuwa ɗaya ba mu gama haɗiye ta ba, ga wata tana leƙo mu.

Dole in yi bayanin kason nan ga wanda bai zauna da mu ba.

Inna ta yi ƙuruciyarta da tsufanta a ƙaramin asibitin ƙauye, tana awon yara da masu ciki, har ta yi ritaya. Wankan jegon autana ya kawo ta Kuala Lumpur, kuma da yake maigidanta ya riga ya rasu, ɗanta ya roƙe ta ta zauna. Ba ta yi wata guda ba mutane suka fara gudun gaisuwarta, domin ita bayan "ina kwana" ba "ina gajiya" take bi da shi ba. Cewa take, "Me kuka ci jiya?" Kuma tana tsayawa ta ji amsa. Ɗalibai su ce shinkafa, ta ce da me? Su ce da miya, ta ce miyar me? Nan ake fara susar ƙeya.

Abin da ta gani ya tayar mata da hankali. Ɗalibai da matansu, taliyar leda safe, taliyar leda dare. In an gaji da ita a sauka shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan bene, a yi tapau, wato a ƙunso soyayyiyar shinkafa da shayi mai zaƙi kamar zuma. Gidajen da ke da matafiya daga gida su ke da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ganinmu kuwa in babu waɗannan babu miya. Wanda ba shi da mai zuwa masa sai ya yi ta cin fara da mai. Ga saurayin da bai ajiye iyali ba an ce yana da ciwon suga. Ga matan da ba su kai ni shekaru ba suna fama da hawan jini.

Maigidana ya ce mata, "Inna, ko in nema miki izini a surau ki tara mata ki yi musu bayani?"

Ta yi dariya. "Na yi wa'azin ƙwai da wake har muryata ta dushe. Wata rana wata mata ta bari na gama tsaf, ta ce, Malama na ji, amma a wace bishiya ake tsinkar ƙwan? Tun ranar nake jin kunyar wa'azi hannu sake. Yaran nan ba jahilai ba ne, digiri suke yi. Mutum ba abin da ya sani yake ci ba, abin da hannunsa ya kai yake ci. Taliya na ƙasan bene, ganye na wata unguwa. Wa zai yi nasara?"

Sai ta fara bin jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa Kampung Baru, ta taka zuwa kasuwa. Ran farko da ta dawo, tun daga bakin ƙofa take kirana kamar ta tsinci ɗan'uwa. Ta zazzage leda a ƙasa. "Kalli! Wannan da suke ce wa bayam, ba alayyahu ba ne? Wannan bendi, ba kuɓewa ba ce ɗanya shar? Ga kabewa, ga dankali, ga gwanda. Ga zogale, 'yar nan, zogale! Kuna zaune a garin zogale kuna jiran kuka ta jirgi!" Malay ɗinta bai wuce kalmomin da za a ƙirga da yatsu ba. Da Hausa take ciniki, su amsa mata da Malay, a yi ta nuni da hannu, ƙarshe ta ce "Boleh?", wato ya yi?, su ce "Boleh, Nenek," kowa ya rabu da kowa yana murna. Ta lura in ka sayi ɗauri ɗaya da tsada, in ka ɗauki kwando sai ya zo da sauƙi. Gida ɗaya kuwa ba ya cinye kwando kafin ya ruɓe a zafin garin nan.

Daga nan watanda ta fito. Irin wadda muka sani a gida, da ake haɗuwa a sayi saniya a yanka a kasa, sai dai tata ta ganye ce da kifi da kayan marmari. Ranar Juma'a ta ajiye kwano a kan tabarma ta rufe da ɗankwali, kowace mace ta tura hannu ƙarƙashi ta saka abin da ya sawwaƙa, ba mai ganin na wani. Asabar da sassafe a tafi kasuwa. A dawo a shimfiɗa leda a barandarmu a kasa. Sai mace ɗaya ta juya baya ta fuskanci bango, Inna ta ɗora sanda a kan kaso ta ce, "Wannan na wa?" Mai juya baya ta kira gida. Babu zaɓe, babu na gaba babu na baya. Matar malamin jami'a da matar ɗalibin da tallafinsa ya tsaya, kifinsu ɗaya. Kiristocin cikinmu ma da su ake yi tun ranar farko. Da wata ta ɗan yi gunaguni, Inna ta ce ita a iya aikinta ba ta taɓa ganin hawan jini ya tambayi mutum inda yake ibada ba.

Ba waliyyiya ba ce, kada jikokinta su ɗauka haka. Tana da kaifin harshe, kuma Hajiya ce ta fi kowa ɗanɗana shi. Wata Asabar Hajiya ta kalli kasonta ta ce, "Inna, ni fa ban gane ba. Gidana ga yara ga baƙin Alhaji ba sa yankewa, wancan gidan daga ita sai mijinta, kuma kifinmu ɗaya. Wannan ne adalcin?"

Maimakon ta amsa tambayar, Inna ta ce, "Ke da kike sayar wa marayun Allah kukar bara kamar zinare, ke ce za ki koya mini adalci?"

A gaban kowa. Hajiya na ɗan sayar da kayan miyar gida a ɗakinta, kowa ya sani, ba kuma haramun take yi ba. Ta ajiye kason ta haye sama, ba ta sake saukowa ba. A ranar Inna ba ta ci abincin kirki ba. Tana ninke sallaya na ji tana cewa, "Na yi suɓutar baki. Kuma abin haushin, yarinyar nan ta fi ni gaskiya." Ta kwaɗa zogale da ƙuli ta hau da kanta. Hajiya ta ce ba ta nan, alhali muryarta ce. Inna ta zauna a bakin ƙofa a kan tayil ta ce to za ta jira ta dawo. Tsohuwa sa'ar uwarka a zaune a ƙofarka, wa zai iya? Aka buɗe, aka yi kuka, aka ci kwaɗo.

Asabar ta gaba Inna ta ce a gaban kowa, "Na yi kuskure biyu. Na farko na nemi gafararsa. Na biyu, na ɗauka in an raba daidai an yi adalci, ashe ba haka ba ne." Daga ranar gida mai yawan baki ya koma kaso biyu. Sannan ta ƙara wani kaso guda da ba a ɗora wa sanda, ba a tambayar na wa. Ta ce wannan na wanda jikinsa ya fi na kowa buƙata ne a wannan makon, kuma ba wanda zai san ko wane ne sai ita, don ciwo da rashi ba abin shela ba ne. In kowa ya watse sai ta zura shi a jaka, ta saka hijabi, ta fita. Ba a taɓa bin ta ba. Ni da nake gidan, daga abin da ta zaɓa kawai nake gane irin ciwon: in na ga ta cire dankali ta ƙara ganye da kifi, na san mai suga ne.

Ita kanta fa tana da nata. Shayin mamak ɗin nan da take hana kowa, duk dawowa daga kasuwa sai ta tsaya ta sha. Za ta ce wa mai shagon a rage zaƙi da babbar murya don mu ji, in an kawo ta kurɓa ta ɓata fuska ta miƙa hannu wajen gwangwanin suga. In na kalle ta ta ce, "Ki kalli gabanki. Kuma in kika faɗa wa mijinki, ni da ke ne."

Shekarar da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa gida ba. Na kwanta na ƙi ci na ƙi sha. Inna ta kori ɗanta zuwa kicin, mutumin da bai san inda ludayi yake ba, ta zauna a bakin gadona tana tsefe mini kai. Ba ta ce in yi haƙuri ba, kowa ya riga ya faɗa. Cewa ta yi, "Daga yau kunyar nan da kike yi mini ki rage ta. Ba ki da wata uwar da za ki yi wa rashin kunya sai ni." Ban iya ragewa ba, amma tun ranar ban ƙara jin ni baƙuwa ce a garin nan ba.

To, mu koma yammacin Juma'a. Muka kira Hajiya kicin muka gaya mata. Ta share hawaye ta gyara ɗauri ta ce a bar mata, ba cikin da zai ɓuya mata. Amma kowa ya san halinmu: Bahaushiya ba ta cewa tana da ciki, ba a kuma tambayarta, balle na fari, balle a gidan makoki. Sai ga Hajiya tana raba ruwa tana leƙen ƙafafun mutane. Ta tsaya kan wata amarya ta ce, "Ke, wannan hijabin naki bai yi miki yawa ba?" Yarinyar ta ce sanyin fanka take ji. Ta ce da wata, "Na ga kin yi fari." Waccan ta ce mai ta canza. Da a wani wuri ne da mun yi dariya.

Da muka ga ba ci gaba, Maman 'yan biyu ta fito fili ta ce da matan, ba sai kowa ta yi magana a nan ba, amma duk wadda kason Inna ke zuwa mata ta same mu a keɓe, don Allah, rai ake jin tsoro. Kafin magariba mata suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya suna samuna a kicin. Wannan ta ce ya zo mata lokacin da aka yi wa mijinta aiki. Waccan ta ce ita ta ci shi wata da watanni bayan ɓarin da ta yi. Wata da nake ganin ta fi kowa rufin asiri ta ce da ba don shi ba, akwai makon da yaranta ba za su ga kifi ba. Kowacce ta zaci ita kaɗai ce. Ina tsaye ina jin su, kamar yau na fara sanin matar da na zauna da ita shekaru. Amma kowacce ƙarshen maganarta ɗaya: wannan da ne, yanzu ba ni ba ce.

Da asubar Asabar na rasa yadda zan yi. Ko kwana uku ba a yi ba, masu gaisuwa za su zo, a ce surukar mamaciya ta tafi kasuwa? Na tsuguna gaban maigidana na gaya masa komai. Tun ranar Alhamis ban ji ya haɗa jimla ba. Sai ya ce, "Gaisuwa ni ake yi wa, ina nan. Ku je. Ita mai cikin ba ta san ana makoki ba."

Mu uku muka tafi. Kwanon ma ba a ajiye ba a makon, Hajiya ta ce ita za ta biya, kada wanda ya yi mata maganarsa. A kasuwa kowane mai tebur sai ya leƙa bayanmu yana neman ta. Maman 'yan biyu ce mai ɗan jin Malay saboda aikin asibiti, ita ta yi ta faɗa musu rasuwar. Mai kifi ya cire hularsa. Mai nama ya riga ya ware hanta a gefe, ya miƙo ya juya fuska. Muna shirin fita wata mata mai tebur a lungu ta yafito mu, ta ɗauko wani ƙunshi a ganyen ayaba ta ce na Nenek ne, duk mako sai ta zame ita kaɗai ta karɓa. Na buɗe. Tempe ne, wani abin waken suya da suke yi kamar ƙosai ɗanye, fari da shi.

Hajiya ta kalle ni, na kalle ta. Duk cikinmu ba mai cin abin nan. Inna da kanta ta taɓa ɗanɗanawa ta tofar, ta ce daddawa ce da ba ta nuna ba.

"La'ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Ba tamu ba ce. Muna ta leƙen cikin junanmu, ashe ba tamu ba ce."

Ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba. Mun ɗauka abin da Hausawa suka haɗa, cikin Hausawa zai ƙare, iyaka ya kai ga 'yan'uwanmu na Filato da Kaduna. Ginin nan kuwa hawa-hawa ne, ga wani a bayansa, cike da mutanen ƙasashen da ba mu taɓa tsayawa mun gaisa da su ba.

Muka dawo aka kasa a gurguje. Hajiya ta riƙe sanda, mai juya baya tana kiran gidaje tana shessheƙa. Da aka watse muka zuba kason a jakar Inna, muka fara bin hawa-hawa. Ba ma ƙwanƙwasa ƙofa, don wanda ke ɓuya ba ƙwanƙwasawa ce za ta fito da shi ba. Maman 'yan biyu ce ke gaba tana ɗaga murya da Malay, tana cewa ga saƙon Nenek, ni ina riƙe da jakar a gabana yadda za a gan ta ta taga. Wasu suka leƙo suka yi mana gaisuwa. Wasu suka ja labule. Muka gama namu ginin ba labari. Hajiya da ke da ciwon gwiwa ta zauna a matakala tana haki, na ce ta koma, ta ce in na ƙara faɗa za ta mare ni.

A ginin baya, hawan ƙarshe, can ƙurya inda ake tara tsofaffin katifu, muka ji an zare sakata. Ƙofa ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ido ya fara sauka a kan jakar, sannan ya hau fuskokinmu, ya wuce bayanmu yana nema. Aka ƙara buɗewa. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ƙanwata ba, ciki ya tsufa har ya sauko, leɓɓanta fari fat kamar an shafa toka. Ta dafa ƙofa saboda tsayuwar ma aiki ce gare ta.

"Nenek mana?" in ji ta. Ina Nenek?

Maman 'yan biyu ta buɗe baki, Malay ɗin ya gudu. Ni ban da shi dama.  Sai Hajiya ta matsa ta kama hannayenta biyu ta ce a hankali, "Inna lillahi..."

Yarinyar ta dube ta. Na ga lokacin da maganar ta isa. Da bakinta ta ƙarasa, "...wa inna ilaihi raji'un," ta sulale, Maman 'yan biyu ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

Mu da aka kwana biyu ana yi wa gaisuwa, sai ga mu a ɗakin da ba mu taɓa sanin akwai shi ba, muna ba wata haƙurin rasuwar Innarmu. 'Yar Indunusiya ce. Mijinta na aikin gini a wani gari, sai ya samu hali yake leƙowa. Takardunta sun ƙare, shi ya sa ko baranda ba ta fita, asibiti kuwa ko sunansa ba ta son ji. A matakala Inna ta tsince ta wata rana jiri ya zaunar da ita. Ba su da harshe ɗaya. Ta ce Nenek na zuwa ta soya hantar da kanta, ta zauna ta tsare ta da ido sai ta cinye, ta yi ta yi mata faɗa da wani yare, ita kuma tana cewa to.

Maman 'yan biyu ta ce ta san wani asibitin masu taimako da ke duba irinsu, kuma yau za a je, ba gobe ba. Yarinyar ta girgiza kai ta ƙanƙame ƙofa. Aka yi lallashi, aka yi bayani, ta ƙi. Sai Hajiya ta miƙe da gwiwarta mai ciwo, ta ɗauko hijabin yarinyar daga ƙusa ta zura mata, tana faɗa da Hausa tsantsa: "Tashi, don Allah! Mun binne ɗaya jiya, ba za mu binne biyu ba. Tashi na ce!" Ko kalma ɗaya ba ta ji ba, amma ta saki ƙofar ta nemi takalminta.

An ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai, amma an zo da sauran lokaci. Tana karɓar magani, haihuwa kuma a hannun ma'aikata za a yi in Allah ya yarda. Ban faɗi sunanta ko lambar ɗaki ba, ba kuma zan faɗa ba.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka daga ƙasar da ba a haife ta ba, babu ɗan'uwa a kusa da kabarinta. Ka zame mata ɗan'uwa. Ka yafe mata kaifin harshenta, ka yalwata mata makwanci, ka ciyar da ita daga abin da ba ya ruɓewa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a, ya haɗa da wata yarinya da ke jiran haihuwa a Pantai Dalam, Allah ya sauke ta lafiya.